Kundin Aikin Yashe Babbar Kwata da Gyaran Kwalbati

2 ga Afrilu

A taron wata-wata da aka yi jiya da daddare, ƙungiyarmu ta tsayar da aikin da za ta sa a gaba a wannan zango, kuma an ɗora mini rubuta yadda yake tafiya a matsayina na sakataren kwamitin ayyuka. Shawarwari uku aka kawo: fentin azuzuwan makarantar firamare, shirya ranar gwajin ido da hawan jini kyauta, da kuma yashe babbar kwatar da ta ratsa unguwa tare da gyara kwalbatin da ya rufta a mahaɗar hanya. Na farko da na biyu sun fi sauƙi, sun kuma fi kyau a hoto, amma ruwan da ya shiga gidaje a daminar bara bai bar wa kowa bakin musu ba, saboda haka na uku ne ya samu rinjaye. Wani matashi cikin membobi ya yi ƙorafin cewa shiga kwata zai zubar wa ƙungiya da kwarjini. Shugaba ya amsa masa da cewa ƙungiyar Rotary, wadda lauya Paul Harris ya kafa a birnin Shikago na Amurka a 1905, ta fara hidimar jama'a ne a 1907 da fafutukar gina bandakin jama'a a tsakiyar birnin, kuma hakan bai rage mata komai ba.

Ma'aji ya karanta abin da ke asusu, wato kuɗin wata-wata na membobi 38 da gudunmawar da aka tara tun ƙarshen shekara. An raba shi kamar haka: kashi 20 cikin 100 na kayan aiki, kashi 45 na kwalbati, kashi 15 na wayar da kai da kwandunan shara, kashi 20 kuma a ajiye saboda ko-ta-kwana. Ba a ware komai don kwashe laka ba, domin wannan aikin hukumar tsaftar muhalli ne kuma tana da motocinsa. An kuma amince ba za a fitar da ko sisi ba sai da sa hannun mutum biyu da rasit.

5 ga Afrilu

Yau mun bi kwatar da ƙafa daga sama har ƙasa, da igiyar awo da sanda, tare da wani memba wanda magini ne. Tsawonta mita 420, faɗinta santimita 80, zurfinta na asali kusan mita ɗaya. Mun riƙa soka sanda a kowace mita ashirin, muka tarar laka da shara sun cinye kimanin santimita 45 a tsaka-tsaki, a wasu wuraren kuma sun cika ta har baki, ciyawa ta tsiro a kai. Idan aka lissafa, abin da za a haƙo ya kai wajen kubik mita 150. Baro ɗaya yana ɗaukar abin da bai wuce lita 60 ba idan laka ce mai nauyi, ke nan ana maganar baro 2,500, ko tifa sama da ashirin. Da na karanta wannan adadin a bakin kwalbati, waɗanda suka zo da tunanin aikin Asabar biyu ne sai suka yi shiru.

Maginin ya zo da siririn tiyo mai bayyana abin da ke ciki, aka cika shi da ruwa, aka riƙa gwada tsayin wurare biyu da shi, tunda ruwa a cikin tiyo yakan tsaya daidai a bakunansa biyu. Da wannan muka gano cewa akwai wani yanki na kusan mita talatin, gab da kwalbati, inda gindin kwatar ya zauna ƙasa, ruwa ba ya gangarawa ko da babu shara. Mun kuma ƙirga bututu goma sha ɗaya da ke fitowa daga gidaje, kuma alamu sun nuna huɗu daga cikinsu na bayan gida ne. Wannan magana ce mai nauyi da sai an bi ta a hankali. Za a fara yashewa daga ƙasa a yi sama, domin wanda ya fara daga sama ya buɗe wa ruwa hanya ne zuwa inda yake a toshe.

9 ga Afrilu

An kai takardu. A ofishin tsaftar muhalli an karɓe mu da fara'a, amma jami'in ya ce kwata gini ce, gini kuma na sashen ayyuka ne, su nasu shara kawai. A sashen ayyuka aka ce kwatar tasu ce, amma abin da ke cikinta shara ce, a koma inda aka fito. Shi kuwa kwalbati, tunda yana ƙarƙashin titi, sai mai kula da hanyoyi ya ba da izini kafin a taɓa shi. Babu wanda ya yi mana ƙarya a cikinsu, haka tsarin ya raba aikin, sai dai rabon ya bar kwatar ba ta da mai ita. Mun rubuta takarda uku iri ɗaya, kowace tana ambaton sauran biyun, muka kuma nemi a buga mana hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinmu. Abu biyu muka roƙa: motar kwashe laka a kowace Litinin na tsawon mako shida, da izinin gyaran kwalbati da kuɗinmu.

12 ga Afrilu

An sayo shebur 15, diga 4, manjagara 8, baro 6, safar hannu mai kauri da takalman roba. Sun ci kashi 17 cikin 100 na asusu, ƙasa da abin da aka ware, domin membobi biyu sun ba da aron baronsu.

Wata memba wadda ma'aikaciyar jinya ce ta yi mana bayanin kariya, kuma na rubuta dokokin a allo. Duk wanda zai shiga kwata sai ya tabbatar rigakafinsa na ciwon sarƙe-haƙora bai tsufa ba, saboda ƙusa da gwangwani da fasasshen gilashi. Mai buɗaɗɗen rauni ba zai shiga ba, yara kuma ba za su taɓa laka ba ko da sun nace. Dokar da aka fi jaddadawa ita ce babu mai kutsa kai cikin rufaffen kwalbati. Ruɓaɓɓiyar laka tana fitar da wata iska mai warin ƙwan da ya lalace, wadda ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take taruwa. Idan ta yi yawa kuma tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce alhali a lokacin ne ta fi haɗari. Da dogayen ƙugiyoyi za a jawo abin da ke ciki daga waje.

16 ga Afrilu

Babu amsa a rubuce daga ko'ina. Jami'in tsafta ya yi alƙawari da baki cewa mota za ta zo ranar Litinin mai zuwa.

19 ga Afrilu

Ranar aiki ta farko. Mutum 52 suka fito, ciki har da mazauna unguwa da ba membobi ba, aka raba su gida uku: masu haƙa, masu tura baro, da masu ware leda da robobi daga laka. Daga ƙarfe bakwai zuwa sha ɗaya an yashe mita 75.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne yadda leda take aiki a cikin kwata. Ba yawanta ne ya fi ɓarna ba, domin a nauyi laka da yashi sun ninka ta. Leda ɗaya takan maƙale a jikin wani reshe ko ƙarfe, ta tare ta biyu da ta uku, su zama shinge, ruwa ya rage gudu, yashin da yake ɗauke da shi ya kwanta a bayan shingen, kuma da zarar ya kwanta ya bushe sai diga. Mun ga irin wannan shinge a kusan kowace mita goma. Ba mu kaɗai ke fama da shi ba. Bangaladash ta haramta siririyar leda tun 2002 bayan an gano rawar da ta taka wajen toshe magudanan ruwa a manyan ambaliyar ƙasar, kuma a ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya haɗe da gobarar gidan mai sun hallaka mutane kimanin 150 a Akara, babban birnin Gana, inda aka ɗora wani ɓangare na laifin a kan magudanan da shara ta cushe.

An tara lakar a gefen hanya domin ta tsane kafin Litinin, tunda jiƙaƙƙiyar laka tana tsiyaya daga mota kuma ta fi nauyi.

21 ga Afrilu

Mota ba ta zo ba. An ce tana gareji.

26 ga Afrilu

Mutum 31 kawai suka fito, an yashe mita 55. Tulin makon jiya yana nan a gefen hanya, ƙuda sun taru, wari ya dami gidajen da ke kusa, ga sabon tuli an ƙara. Wani dattijo wanda tulin yake ƙofar gidansa ya tare shugaba ya ce, "Ɗana, da ƙazantar tana cikin rami ba na ganinta, yanzu kun kawo mini ita bakin ƙofa. Wannan ne taimakon?" Shugaba ya ce, "Baba, kana da gaskiya, ka ba mu zuwa Laraba." Babu wanda ya ga laifin dattijon.

29 ga Afrilu

Daren jiya an yi ruwan bazara mai ƙarfi wanda ba a zata ba, kusan awa ɗaya ana zuba shi. Da safe muka tarar fiye da rabin lakar da aka tara ta koma cikin kwata, sauran kuma ta malale a kan titi har babura suna zamewa. Yankin mita 130 da aka yashe ya sake cika da laka. Ledar da aka ware aka ɗaure a buhuna ce kaɗai ta tsira. Wato aikin Asabar guda cur ya tafi, tare da wani abu da ya fi shi wuyar dawowa, domin da yamma na ji ana cewa a bakin hanya ai dama an san ƙarshen abin ke nan.

Kwamiti ya yi zaman gaggawa da daddare, kuma an yi zazzafar muhawara. Wasu sun ce a dakata har hukuma ta cika alƙawarinta, domin idan muka ɗauki hayar mota da kuɗinmu mun koya mata cewa za ta iya noƙewa wani ya yi mata aikinta. Wannan hujja tana da ƙarfi, ni ma ina ganin haka. Sai dai damina ba za ta jira a gyara motar da ke gareji ba, kuma gidajen da ruwa zai shiga ba na jami'an ba ne. Aka tsaya a kan matsaya uku. Za a ɗauki hayar tifa daga kuɗin ajiya da na wayar da kai. Ba za a sake haƙo lakar da ba a tanadi motarta ba, ko da mutum ɗari ne suka fito. Sannan kowace tifa da muka biya za a rubuta ta, a aika wa hukuma lissafin a ƙarshen kowane mako, ba don muna sa ran a biya mu ba, sai don kada a wayi gari a rubuta a wani rahoto cewa ita ta yi aikin.

1 ga Mayu

Tifa ta yi sawu biyar, an kwashe ragowar tulin, an wanke titi. Direban ya kawo shawarar a juye lakar a wani tsohon rami da ke kusa, wai zai rage mana kuɗi da rabi. An ƙi, domin ramin yana kusa da rijiyoyi, kuma ba mu fitar da ƙazanta daga unguwarmu don mu kai wa wata ba. Daga yau memba ɗaya zai riƙa shiga gaban motar har jujin da hukuma ta amince da shi, ya dawo da shaida.

3 ga Mayu

An sake yashe abin da ruwa ya mayar, an ƙara mita 60 sabuwa. Mutum 27. Za a kwashe komai kafin faɗuwar ranar Litinin.

7 ga Mayu

Wakilai uku sun zo daga unguwar da ke ƙasa da mu da koke. Sun ce tun da muka fara buɗe kwatar, ruwa yana iso musu da sauri da yawa fiye da da, kuma a ruwan da aka yi shekaranjiya ya haura ƙaramar gadarsu. Wasu matasanmu sun so su mayar da martani cewa kowa ya gyara nasa, amma maginin ya nuna cewa mutanen suna da gaskiya. Toshewar da ke cikin kwatarmu ta kasance tana riƙe ruwa a unguwarmu, ya bazu a titunanmu da gidajenmu, ya sauka a hankali. Da muka buɗe, duk wannan ruwan ya samu hanya lokaci guda, ya je ya tarar da nasu yankin a toshe. Ruwa bai san iyakar unguwa ba, takardar aikinmu ce ta sani.

Mun bi su muka duba. Tsakanin ƙarshen kwatarmu da babban rafin da ruwan ke faɗawa akwai mita 65, kuma a nan ne matsalar take. An yi yarjejeniya cewa su za su kawo mutane, mu kuma mu ba da kayan aiki da tifa biyu. Wannan ƙarin kuɗi ne da babu shi a kasafi, amma ya fi rigima da maƙwabta arha.

10 ga Mayu

Aikin haɗin gwiwa da unguwar ƙasa. Mutum 44 daga ɓangarorin biyu, an gama mita 65 ɗin gaba ɗaya. A yau ne kuma motar hukuma ta bayyana karon farko, ta yi sawu biyu.

Izinin kwalbati ya fito jiya, da sharuɗɗan injiniya: kaurin murfin kankare santimita 20, rodi mai milimita 12 a saƙa shi da tazarar santimita 15, haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kuma a yi aikin rabi-rabi domin kada a rufe hanya ɗungurungum. Faɗin titin mita shida ne, ke nan mita uku a kowane zubi. An sayi siminti buhu 14 mai kilo 50, har da na gyaran bango da na ɗaga gindin yankin nan da ya zauna.

13 ga Mayu

An fasa tsohon murfin na rabin farko, an jawo abin da ke ciki da ƙugiya: tayoyi biyu, katifa, da tarin robobi. Kafinta ya kafa katakon zubi, an saƙa rodi an ɗaga shi a kan ƙananan duwatsu domin kankare ya lulluɓe shi ta ƙasa kada tsatsa ta ci shi. An yi zubi da yamma, an rufe da buhuna jiƙaƙƙu, an tare wurin da ganguna da igiya. An raba wa membobi huɗu aikin yayyafa ruwa safe da yamma.

15 ga Mayu

Wani mai neman kujerar siyasa ya aiko a gaya mana zai biya duk kuɗin tifa idan za a kafa allo mai hotonsa a bakin kwalbati. An gode masa, an kuma sanar da shi cewa ƙa'idar ƙungiya ita ce a karanta sunan duk mai gudunmawa a taron wata, babba ko ƙarami, amma ba a kafa allon kowa. A cikin masu fitowa aiki akwai magoya bayan kowace jam'iyya, kuma ranar da hoton mutum ɗaya ya hau wurin, rabinsu ba za su sake ɗaukar shebur ba. Har yanzu ba mu ji daga gare shi ba.

17 ga Mayu

Da asuba aka kira ni cewa murfin ya tsage. Cikin dare wata babbar mota mai ɗauke da kaya ta zo, ɗaya rabin hanyar ya yi mata ƙunci, yaran motar suka kawar da gangunan ta bi ta kan sabon zubi, wanda kwanansa huɗu kacal. Tsagewar ta ratsa daga gefe zuwa gefe, kuma ana iya zura tsinke a cikinta.

Mutane da dama suna ɗauka cewa da zarar kankare ya bushe a ido ya gama. Ba bushewa ce ke ƙarfafa shi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, kuma tana ɗaukar lokaci; shi ya sa ake jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, a lokacin ma kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa yake kaiwa, cikakken ƙarfin da injiniyoyi ke lissafi da shi kuwa sai a kwana 28. Wasu sun ce a cusa siminti a tsagar a shafe, ba wanda zai gane. Injiniya ya zo ya duba ya ce ruwa zai bi tsagar ya kai ga rodi, cikin damina biyu ko uku mu koma inda muka fito. An amince a fasa a sake. Wannan zai ci ƙarin kashi 13 cikin 100 na asusun farko, kuma ya jinkirta rabi na biyu da fiye da mako guda.

Aikin yashewa na yau ya gudana duk da haka, mita 90, mutum 24.

20 ga Mayu

An sake zubi. Wannan karon an jibge tifar tsakuwa guda a kowane gefe a maimakon ganguna, an kafa alamar canza hanya tun daga mahaɗar da ke gaba domin manyan motoci su juya da wuri, kuma masu gadin dare sun karɓi amanar wurin. Bayan an karanta lissafi a fili a taron gaggawa, membobi da wasu mazauna unguwa sun ƙara gudunmawar da ta kai kashi 15 cikin 100 na asusun farko.

24 ga Mayu

An kammala yashewa har saman kwata. Amma da na koma yankin da aka fara, na tarar sabuwar shara ta soma taruwa, har da buhuna biyu da aka ɗaure aka jefa da gangan. Maimakon a yi ta zagin mutane, an tura membobi bibbiyu suka zaga gidaje 60 da ke bakin kwatar da tambaya ɗaya: ina kuke zubar da shara? Mafi yawansu sun ce babu wurin da ya fi kusa sai jujin da ke da nisan tafiyar minti ashirin, kuma yara ake aika, yaro kuwa idan ya ga rami a hanya ya huta. Wa'azin tsafta ba zai yi maganin wannan ba, sai an samar da inda za a zuba.

Ma'aikaciyar jinyarmu ta ɗebo ruwa da ludayi daga wurare daban-daban ta nuna mana tsutsotsin sauro. Waɗanda ke cikin ƙazamin ruwan kwata suna rataye ne a karkace, kai ƙasa, kuma irin sauron nan ne mai damun mutane da kuka da cizo. Waɗanda ta samo a ƙananan kududdufan da rana ke bugu, inda ruwa ya malala daga kwata ya kwanta, suna kwance ne a miƙe a saman ruwa, kuma su ne na sauron da ke yaɗa zazzaɓin maleriya. Tunda a lokacin zafi sauro kan tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana bakwai zuwa goma, duk kududdufin da ya wuce mako yana da haɗari. An ƙara cike ramukan gefen titi cikin jerin ayyuka.

28 ga Mayu

Taro da mazauna bakin kwata, kusan gida 40 sun turo wakili. Wata malamar makaranta cikin membobinmu ta kawo abin da Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta gano game da kayan da jama'a ke tarayya a kansu, kamar makiyaya da hanyoyin ban-ruwa: suna ɗorewa ne idan an san iyakar kowa, masu amfani da su ne suka tsara dokar, akwai mai sa ido daga cikinsu, kuma hukunci yana farawa daga mai sauƙi. A kan wannan aka gina yarjejeniyar. An raba kwatar yanki bakwai na mita 60, kowane yanki da gidajensa da mutum guda mai lura. Mai kurar kwasar shara zai riƙa bi gida-gida sau uku a mako, gidaje su biya shi kai tsaye ba ta hannun ƙungiya ba. Wanda aka kama yana zuba shara, karo na farko a yi masa magana, na biyu ya yashe mita biyar, na uku a kai sunansa ofishin tsafta. Wani ya kawo misalin Ruwanda, inda ake fita aikin gayya da safiyar Asabar ta ƙarshen kowane wata, aka karɓi ranar, tare da tuna cewa a can doka ce ta wajabta shi, mu kuwa ba mu da abin tilasta kowa sai kunyar maƙwabci.

Batun bututun bayan gida ba a tayar da shi a bainar jama'a ba. Shugaba da dattawa biyu sun je gidajen huɗu ɗaya bayan ɗaya, ma'aikaciyar jinya kuma ta yi musu bayanin yadda likita John Snow ya bi diddigin annobar kwalara ta 1854 a Landan har zuwa famfo guda, wanda daga baya aka gano ramin bayan gida na tsiyaya kusa da rijiyarsa. Gida biyu sun yarda su haƙa rami cikin wata guda, ɗaya ya ce ba shi da hali, ɗaya kuma ya ce haya yake, a nemi mai gidan.

31 ga Mayu

An zuba rabi na biyu na kwalbati. Mai walda ya kafa ragar ƙarfe biyu, ɗaya a saman kwata, ɗaya kafin kwalbati, a jingine ba a tsaye ba, domin shara ta hau sama ruwa ya wuce ta ƙasa, kuma manjagara ta iya jawo ta.

5 ga Yuni

Yau ce Ranar Muhalli ta Duniya, amma ba a yi wani biki ba, zaman lissafi aka yi. Idan aka auna da asusun farko, kayan aiki sun ci kashi 17, hayar tifa kashi 29, kwalbati kashi 58 har da zubin da aka sake, raga kashi 6. Jimilla kashi 110, ƙarin gudunmawa ya rufe giɓin, saura kashi 5. An kwashe tifa 23, hukuma ta yi biyar, mu muka biya 18. Kwandunan shara ba a saye su ba.

An yi ruwa mai ƙarfi daren Talata. Kwatar ta ɗauke shi ba tare da ta cika ba, unguwar ƙasa ma ba ta kawo koke ba, sai dai ragar da ke saman kwata ta toshe cikin rabin awa, ruwa ya fara haurawa ta gefe kafin mai lura da yankin ya fito da manjagara. Ke nan raga tana buƙatar mutum a lokacin ruwa, ba washegari ba, kuma za a ajiye manjagara guda a gidan da ya fi kusa da kowace.

Abin da ya rage: za a bar ƙananan motoci su hau rabi na biyu bayan 14 ga wata, manya kuma sai 28 ga wata. Za a cike ramukan gefen titi da ragowar tsakuwa ranar Asabar. Za a aika wa ofisoshi uku rahoton aiki da lissafin tifa, tare da roƙon a sa wannan kwata cikin jadawalin kwashe shara na dindindin. Kwamiti zai tattauna ko za a taimaka wa gidan da ya ce ba shi da halin haƙa rami daga kashi 5 ɗin da ya rage, kuma an ba mutum biyu aikin nemo mai gidan hayar kafin taron wata mai zuwa.